Wahalar Hutu a Tsibiran Maldibi

Ƙasar Maldibi tarin tsibirai ce kusan 1,200 a Tekun Indiya, waɗanda mafi tudun cikinsu 'yan mitoci kaɗan ne sama da ruwa, kuma tun shekarar 1972 da aka buɗe masaukin baƙi na farko mai suna Kurumba kusa da Male, babban birnin ƙasar, ta riƙi sana'ar sayar wa mutanen duniya rana da yashi da ruwan gishiri. Sana'ar ta karɓe ta, domin a 2024 baƙin sun haura miliyan 2, wato sun ninka mazauna ƙasar kusan sau huɗu. Idan Bature, wanda sanyi ya dafa shi wata shida, ya kwashi kuɗi ya je neman rana, yana da uzuri. Wanda lamarinsa ke buƙatar nazari shi ne angon da ya taso da amaryarsa daga Kano ko Abuja, inda rana da yashi suke kyauta har ana kuka da su, ya ratsa ta Doha ko Dubai, sannan da isarsa ya nemi laima ya ɓuya wa ranar da ya biya.

Tsarin masaukan shi ne kowane otal da tsibirinsa, ba maƙwabci ba mai talla, kuma ɗakin da aka fi rububinsa shi ne bukkar da aka kafa a kan turaku a cikin ruwa, salon ginin da ya samo asali a Polinesiya ta Faransa a 1967. Galibi rufinta na jinka ne, wasu masaukan ma suna karɓe wa baƙo takalmansa tun a bakin gaɓa. Ta haka mutumin da zai ɗauki kwana a ɗakin ciyawa a ƙauyen kakansa a matsayin cin fuska yakan biya ɗaruruwan daloli a dare guda, wani lokaci dubbai, don ya kwana a irinsa, ya kuma yi yawo ba takalmi yana ganin ya isa.

Aikin farko na safiya shi ne karin kumallo mai yawo, wato abincin da ake jerawa a babban tire a ɗora a kan ruwan kwamin wanka. Ba a ƙirƙiro wannan al'ada don ci ba, saboda kafin amarya ta gyara mayafi, ango ya hau kujera ya sauko ya durƙusa yana neman kusurwar da za ta haɗa tire da teku da agogon hannu a hoto guda, shayi ya huce, burodi ya sha ruwa, ƙwai kuwa ya kama hanyar ɗaya gefen kwamin. Angon, wanda a ofishinsa wani ke riƙe masa jaka, a nan shi ne mai ɗaukar hoto da ba albashi, kuma ana iya soke aikinsa na awa guda da kalma ɗaya.

Shiga teku iri biyu ne. Na farko shi ne leƙen ruwa, inda mutum ke kwanciya rub da ciki a saman ruwa da tabarau mai rufe ido da hanci, yana numfashi ta wani gajeren bututu da ya leƙo sama. Tsohuwar dabarar hana tabaran yin hazo ita ce a tofa masa yawu a goge, don haka ake ganin manyan mutane a jere a cikin kwalekwale suna tofi da natsuwa bisa umarnin wani saurayi. Na biyu shi ne nutso da tukunyar iska a baya, wanda ya yaɗu bayan Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, sun ƙera na'urar daidaita numfashi a 1943. Horon kwana uku ko huɗu yana ba mutum shaidar nutsawa har mita 18, kuma daga ranar ba ya sake zama a majalisa ba tare da ya kawo zancen ba.

Sai dai teku ba ta san muƙami ba. Kowace mita 10 da aka nutsa, nauyin da ke danne jiki yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya, kunne ya ɗauki zafi sai an toshe hanci an hura a hankali. Baki kuma a toshe yake da robar numfashi, saboda haka magana ta koma ishara, kuma a nan ɗan zamani ke shiga uku: ɗaga babban yatsa, wanda ya saba yi a gaban kowace kyamara, ma'anarsa a ƙarƙashin ruwa a haura sama, sai ya ga malamin nutso ya tasa shi gaba an katse yawon. Wannan shiru na dole yana da fa'idarsa. A watan Oktoban 2009 shugaban ƙasar na lokacin, Mohamed Nasheed, ya yi zaman majalisar ministocinsa a ƙarƙashin teku don jan hankalin duniya kan ƙaruwar ruwan da ke barazanar cinye ƙasar, aka kammala cikin kusan rabin awa, ba wanda ya tsaya gaishe da manyan baƙi bisa jerin girmansu.

Labaran da ake dawowa da su ma suna da bayani a kimiyyance. Karkacewar haske tsakanin ruwa da iskar da ke cikin tabarau tana sa abu ya ƙara girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, ragowar girman kifin kuwa mai labarin ne ke cikawa daga aljihunsa. Launin ja shi ke fara ɓacewa tun a 'yan mitocin farko, ga shi ɗumamar ruwa a 1998 da 2016 ta koɗar da murjani mai yawa, wato ƙananan halittun da ke gina duwatsun ƙarƙashin teku, shi ya sa launukan da ake gani a Instagram yawancinsu a waya aka haife su. Farin yashin da amarya ke rubuta sunan ango a kai kuwa, kaso mai tsoka nasa kashin wani kifi ne mai bakin aku, wanda ke gurgurar murjani ya niƙa a ciki ya fitar, bayanin da takardun tallan otal ba su cika damuwa da shi ba. Haka ba sa ambaton Thilafushi, tsibirin da aka fara ginawa da shara a 1992 kusa da Male, inda tarkacen aljannar duniyar ke ƙarewa.

Mai nutso ba ya hawa jirgin sama sai ya jira awa 12 zuwa 24, don iskar naitirojin da ta taru a jikinsa ta fita, kuma wannan jiran shi ne kaɗai hutun gaskiya a tafiyar. Tsaraba a filin jirgin Dubai ake sayenta, tunda dangi ba za su karɓi labarin kifi a madadin turare ba. Hotunan kuma ba a sakinsu lokaci guda; ana tsakurarsu ɗaya bayan ɗaya har wata uku, ta yadda jama'a za su ɗauka ango yana can, alhali yana Kano yana rigima da mai gyaran janareta. Illar wannan dabara guda ce, ita ce mai gidan haya da telan da ya ɗinka kayan biki su ma suna da waya, kuma su ne ke riga kowa yi masa fatan dawowa lafiya a ƙarƙashin kowane hoto.