Yadda Za Ka Sha Iskar Teku Ba Tare da Kalacinka Ya Dawo Ba

To, Alhaji, ka biya kuɗin yawon buɗe ido a jirgin ruwa, daga Miyami ta jihar Fulorida zuwa tsibiran Karebiyan, a watan Janairu. Dillalin tikiti ya faɗa maka lokacin guguwa ya wuce, kuma bai yi ƙarya ba, don daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba take tashe. Abin da bai faɗa maka ba shi ne hunturu ma yana da nasa rikicin. Zauna in ba ka laƙani.

Tsakanin Fulorida da Bahamas akwai wani ƙaƙƙarfan kwararon ruwan ɗumi a cikin teku, ana ce masa Galf Sitirim, kullum arewa ya nufa. Idan iskar sanyi ta gangaro daga arewacin Amurka, sai su yi karo, igiyar ruwa ta miƙe tsaye. Ranka ya daɗe, ta nan jirginka zai ratsa a daren farko, daidai lokacin da ka gama cika ciki. Can gabashin Karebiyan kuma, daga Disamba zuwa Janairu, akwai wadda mutanen wurin ke kira iskar Kirsimeti. Wanda ya taso daga Niyok kuwa sai ya bi ta gaban Kef Hataras. A nan ne, a Fabrairun 2016, hadari ya rutsa da jirgin Anthem of the Seas, aka ce kowa ya zauna a ɗakinsa, ƙarshe aka juya gida ba a ga Bahamas ba.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun ranar zaɓen ɗaki. Na san halin manya, sai hawa na sama, can goshin jirgi, inda hoto ke kyau. Haƙura. Jirgi a kan igiyar ruwa tamkar faifai ne a hannun mai tankaɗe: baki-baki ke tashi sama ya faɗo, tsakiya kuwa da sauƙi. Nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa, mai taga in da hali. Za a ce maka manyan jiragen yau suna da fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu hana tangaɗi. Suna da su, amma rangajin dama da hagu suke ragewa. Na gaba da baya, wanda goshin jirgi zai ɗaga ya dawo ya daki ruwa, wannan ya fi ƙarfinsu.

Kada kuma ka ɗauka jarumtaka ke hana amai. Can cikin kunnenka akwai abin da ke auna motsi, shi ya ce wa ƙwaƙwalwa ana tafiya, ido da ke kallon bangon ɗaki ya ce a tsaye ake, to, gardamar nan tasu ciki ke biyan kuɗinta. Teku ba ta san rawani ba. Nelsan, gwarzon sojan ruwan Ingila, har ya bar duniya jiri na kama shi a jirgi. Cals Darwin ya yi ta fama da tashin zuciya a jirgin Beagle daga 1831 zuwa 1836. In ya same ka, ba abin kunya ba ne, ka shiga sahun manya.

Da ka ji miyau na taruwa a baki, ajiye waya, rufe littafi, fita waje ka kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Sulhu ke nan tsakanin ido da kunne. Sai dai ka bar babbar riga a ɗaki, don iskar saman jirgi ba ta da kunya, hula kuma in ta tafi sai dai wani kifi ya yi ado da ita. Hajiya, a ɗaura mayafi da kyau, takalmi mai tsini ya huta yau. Hannu ɗaya naka ne, ɗayan na ƙarfen jikin bango.

Wajen abinci ne ake jarraba imani. Tebur cike, ba mai ce maka ya isa, kuma ka riga ka biya. Ci kaɗan-kaɗan, kauce wa maiƙo, amma kada ka zauna da yunwa, ita ma tana tayar da zuciya. Busasshen biskit, koren tuffa, da shayin citta su ne abokan tafiya. Magani kuwa, irin su ƙwayar Dramamine ko ɗan filastan sikofolamin da ake mannawa bayan kunne, kafin jiri ake amfani da su. Filastan yana son awoyi kafin ya kama, yana kuma yin kwana 3, amma yakan busar da baki. Ƙwayar kuma takan sa barci. Ga likitanka tun kana gida, balle in akwai juna biyu, hawan ido ko wani maganin da ake sha.

Ka koyi karanta fuskar jirgi. In ka ga an rataye 'yan jakunkunan takarda a bakin matakala, an kwashe ruwan wurin ninkaya, to, kyaftin ya hango abin da ba ka hango ba. Ɗauki jaka biyu, ɗaya taka, ɗaya ta maƙwabcin da ke cika baki tun Miyami.

Wata safiya kuma za a iya sanar da cewa ba za a tsaya Giran Keman ba. Tsibirin ba shi da mashigar da manyan jiragen nan ke jingina, da ƙananan kwale-kwale ake kai mutane gaɓa, in ruwa ya yi fushi kuwa tsallakawa daga babba zuwa ƙarami na iya karya ƙafa. Don Allah kada ka je ka ɗaga wa ma'aikata murya. Mutanen nan a tsaye suka kwana suna goge abin da wasu suka zubar. Yi musu sannu da aiki, ka ƙara musu ɗan tukuici.

Bayan an sauka, in ka ji ƙasa na rangaji kwana ɗaya ko biyu, ba jifa ba ne, kunne ne bai yarda an iso ba. In ya zarce haka, tafi asibiti. Allah Ya kai lafiya, Ya dawo da ku lafiya.