Injin Guga da Asirin Baƙar Marsandi

Duk wanda Allah ya jarrabe shi da mallakar baƙar mota a ƙasar da hunturu ke sauka, sa'an nan ya haɗa masa da son ƙyalli a zuciya da yalwar lokaci irin ta wanda ya aje aikin gwamnati ya koma cin fansho, to lalle wannan bawa ya cancanci 'yan'uwa su riƙa sa shi a addu'a. Dalili kuwa shi ne, ƙurar da ke kwanciya bisa mota tun daga Nuwamba har Fabrairu garin yashi ce mai kaifi, kuma duk yaron da ya ɗauki busasshen tsumma ya share ta da kyakkyawar niyya, ya bar wa fenti dubban ƙananan zane waɗanda ba su bayyana a inuwa, sai rana ta take su fito su kewaye haskenta da'ira bayan da'ira, ta yadda mai mota, in mai lura ne, ba zai ƙara jin daɗin abincin rana ba.

Tawa motar Marsandi ce, irin wadda Jamusawa suka fara ƙerawa a 1984, wadda ake kira V-boot, na kuma saye ta ne ta hanyar Kwatano a hannun wani dillali mai zaƙin baki, wanda ya rantse mini har da dafa ƙirji cewa wata tsohuwa ce ta mallake ta a can Jamus, matar wani likita, wadda ba ta fitar da ita daga gareji sai ran Lahadi, kuma fentin nan baƙi wuluk da nake gani na kamfani ne, hannun ɗan Adam bai taɓa shi ba. Shekaru na yi ina hidimarta da wani ɗan ƙaramin injin guga mai ladabi, irin wanda sosonsa ke juyawa yana kuma karkarwa a lokaci guda, faɗin karkarwar milimita 8 kacal, wanda in ka danna shi da ƙarfi sai juyin ya tsaya ya bar ka da rawar hannu. Kowace Asabar nakan shafa mai, in goga, soson ya yi baƙi ƙirin, ni kuwa in ɗaga shi in nuna wa uwargida in ce ta dubi dattin da ya fita, ita kuma ta ce Allah ya ƙara tsabta, ta wuce madafi. Amma zanen nan masu zurfi sun ƙi tafiya, har na yanke hukunci cewa inji ne ya gaza, kuma mutum mai matsayina bai kamata ya ƙare rayuwarsa da kayan masu koyo ba.

Da na shiga muɗala'a a kan mas'alar, sai na tarar ma'abota wannan fanni sun kasu mazhabobi uku, kowace da hujjojinta da masu kare ta har da kumfar baki. Ta farko, wadda ta fi tsufa, ita ce ta inji mai juyi zalla, wanda faifansa ke zagayawa a kan gindi ɗaya, tun daga juyi 600 har 3,000 a minti kamar yadda sanannen injin Makita na Japan yake yi. Shi ne makamin masu fenti, yana cin zane nan take, amma yana tara zafi wuri guda. Ta biyu ita ce ta masu juyi da karkarwa, dangin ɗan injina, waɗanda asalinsu injin goge katako ne, kamar Porter-Cable 7424 na Amurka, da masu sha'awar mota suka ara suka sa masa soso. Su kuma suka sami sabon ƙarfi tun da kamfanin Rupes na birnin Milan, wanda aka kafa a 1947, ya fito da inji mai faɗin karkarwa milimita 21 da ƙanensa mai 15. Ta uku kuwa tsaka-tsaki ce, ta injin Flex 3401 na Jamus, wanda aka sa wa haƙoran giya domin ya juya ya kuma yi karkarwa ala tilas, ko ka danna ko ba ka danna ba. A kan abu ɗaya tak suka yi ijma'i, wato cewa guga ba ta ƙara wa mota kome, rage fenti take yi har ya yi daidai da gindin zanen. Sun ce duk kaurin fentin kamfani bai cika wuce maikuron 100 zuwa 150 ba, wato kusan kaurin takardar rubutu guda, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Kuma shafin sama marar launi, wanda shi kaɗai ya halatta a ci, bai kai ko rabin wannan ba. Na karanta wannan babi, na fahimce shi sarai, na kuma ɗauke shi a matsayin gargaɗi ga yara masu gaggawa.

Zuciyata ta karkata ga mai milimita 21, bisa ƙa'idar da ban taɓa ganin ta ci amanar kowa ba, cewa 21 ya fi 8. Sai na aika wa ɗan ƙanena da ke karatu a Amurka kuɗin da uwargida har gobe take zaton na gyaran rufin ɗakin baƙi ne, shi kuma, Allah ya yi masa albarka, ya sayo wani irinsa ya ba wani mai zuwa gida ya kawo. Ranar da kwalin ya iso na yi wanka, na sa aka fito da mota ƙofar gida, na kuma lura bakin wayar injin bai dace da soket ɗinmu ba, matsalar da wani yaro mai gyaran rediyo ya warware mini da ɗan adafta na kuɗi kaɗan. Na yi bisimilla na latsa. Injin ya yi wata irin kururuwa wadda ban taɓa jin irinta daga abin da ba shi da rai ba, ya watsa tartsatsi shuɗi, ya fitar da hayaƙi mai warin ƙonanniyar roba, sa'an nan ya yi shiru na har abada, alhali ko sumbatar fentin bai yi ba.

Na kira ɗan ƙanena a waya. Ya ce, "Baffa, ai wutar Amurka bolt 120 ce, ta gida kuwa 230. Na rubuta a jikin kwalin cewa sai an sa taransfoma." Na dubi kwalin, na ga lalle akwai rubutu, amma da wani siririn alƙalami, a gefen da ke kallon bango, wurin da babu mai hankalin da zai je neman wasiyya. Na yi masa nasiha a kan muhimmancin kyautata rubutun hannu, na kashe waya.

Wannan musiba ta sa na sake nazari, na gane cewa alama ce aka nuna mini in koma ga mazhabar magabata. Na tafi Sabon Gari wurin masu sayar da kayan aiki, inda wani saurayi ya miƙo mini injin yankan ƙarfe na masu walda, ya ce in cire faifan in ɗaura soso, duk ɗaya ne; ni kuwa, da yake na san wannan yana juyi wajen 11,000 a minti, na dube shi da idon rahama na ce a kawo na gaskiya. Aka kawo wani ƙato mai juyi zalla, marar sanannen suna, mai nauyin da sai da na gyara tsayuwa kafin in ɗaga shi, aka haɗa mini da faifan gashin tunkiya mai faɗin inci 7 da gwangwanin man guga mafi kaushi da ke shagon. A bayan injin akwai ɗan maɓalli mai lamba 1 zuwa 6. Mai shago ya ce, "Baba, a fara da 1." Na gode masa, amma a hanya na yi ƙiyasi, na ga cewa da maƙeran sun so mutane su zauna a 1, da ba su wahalar da kansu sun rubuta 6 ba.

Labari ya riga ni isa unguwa. Kafin in gama warware waya, maƙwabta sun fito da benci, yara sun hau katanga, wani tsohon hedimasta da muke zaman hira da shi ya zo da sabon kaftani fari fat ya tsaya daf da ni domin ya ba da shawara. Rana na tsaka, bonet ya ɗauki zafin da ba a iya aza tafin hannu a kansa, abin da na lissafta a matsayin taimako, tunda zafi na narkar da mai. Na lafta wa faifan man nan da yalwa, domin rowa ba ta cikin ɗabi'una, na ɗaga injin sama yadda jama'a za su gani, na latsa. A cikin ƙiftawar ido man ya rabu bisa adalci tsakanin gemuna, da kaftanin hedimasta, da gilashin motar, da wankin uwargida da ke shanye a igiya can cikin gida, har wani ɗigo ya sami wata akuya da ke wucewa ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Hedimasta bai ce uffan ba, ya cire tabarau ya goge da gefen hula, ya ja da baya zuwa inda yara suke.

Da na aza faifan a kan bonet, injin ya fizge ni gabas, na ja shi yamma, ya sake fizga ta kamar ɗan maraƙin da aka fara ɗaura wa igiya, har muka yi sulhu a bisa sharaɗin ya tafi inda ya ga dama ni kuma in bi shi. Amma fa a faɗi gaskiya, aiki ya yi. A wani fili mai faɗin sallaya zanen nan suka ɓace ɗungum, baƙin ya yi zurfi har na ga fuskata a ciki, na ga zanen hulata ɗinki bayan ɗinki, na ga reshen darbejiyar da ke bayana da tsuntsun da ke kai. Jama'a suka yi kabbara, ni kuma na ji wani sanyi ya ratsa ni wanda ban ji irinsa ba ko ranar da aka ƙara mini girma a ofis. Sai can a kan ƙashin bonet, inda ƙarfe ya yi tudu, na hangi wani ɗan tabo fari-fari, bai fi ƙwayar gero ba. Nan take na gane busasshen mai ne ya maƙale. Na karkata bakin faifan a kansa na danna. Tabon ya kai girman kwabo. Na ce lalle wannan mai akwai taurin kai, na ƙara dannawa da nauyin kafaɗa, wani ɗan hayaƙi ya tashi, tabon ya kai faɗin tafin hannu, kuma launinsa ba fari sosai ba, wani ruwan madara ne mai ɗan rawaya, sumul, mai kyau ƙwarai, har ma ya fi baƙin ƙyalli.

Wani yaro daga kan katanga ya ce, "Baba, motar tana zama fara!" Aka tsawata masa.

Washegari na kai ta wurin wani dattijon mai fenti, wanda ya shekara aru-aru yana sana'ar. Ya dubi tabon, ya karce gefensa da farce, bai yi magana ba; ya buɗe ƙofa ya ɗaga robar da ke bakinta, ya buɗe but ya ɗaga shimfiɗa, ko'ina sai ga wannan ruwan madara yana leƙowa. Sa'an nan ya sunkuya gaban mota ya nuna mini wasu ƙananan huji a jikin dashbod waɗanda aka toshe da baƙar roba, waɗanda ni tun da na sayi motar nake ɗauka ado ne. Ya miƙe ya share hannu ya ce, "Alhaji, wannan ai tasi ce. Nan mita take."

Ya bayyana mini cewa irin wannan launi na hauren giwa shi ne na tasin Jamus, na kuma bincika daga baya na tarar a 1971 doka ta wajabta shi a can, kuma Marsandi irin tawa ta kasance cikin motocin da direbobin tasi suka fi so saboda juriyarta. Baƙin kuwa, in ji shi, feshi ɗaya ne aka yi mata a hanya, siriri, babu shafin sama ko kaɗan. Saboda haka baƙin da sosona ke kwasowa kowace Asabar, wanda nake ɗagawa ina nuna wa iyali, fentin ne da kansa yake tafiya sannu a hankali, babban injin kuwa ƙarasa aiki kawai ya yi. Da na isar wa uwargida wannan bayani, sai ta yi shiru tana ninke zanen da man guga ya ɓata, can ta ce, "Allah sarki, ashe tsohuwar nan kabu-kabu take yi. To, Malam, tunda ka fara, ka ƙarasa goge ta mana, ko ta riƙa kawo kuɗin cefane."

Na zauna na rarraba alhakin wannan al'amari bisa insafi, na ba dillali rabi saboda rantsuwar ƙarya, na ba ɗan ƙanena sulusi, domin da injinsa ya rayu da ban kai ga Sabon Gari ba, ragowar sudusi kuwa na raba tsakanin mai shago da ya sayar wa dattijo inji mai lamba 6 da kuma hunturu. Da na haɗa lissafi sai na ga ya cika cif, babu abin da ya yi saura da zan ɗora wa wani.

Tun da motar ke wurin mai fenti ban zauna banza ba. Na sayi ɗan awon kaurin fenti, wani abu ne da bai kai girman wayar hannu ba, wanda ake dangwala wa jikin mota, ya yi amfani da maganaɗisu ya gaya maka nisan da ke tsakanin bakinsa da ƙarfe. In ya nuna ɗari da 'yan kai, fentin kamfani ne. In ya haura 300, an yi feshi. In ya doshi 1,000, to akwai ƙullin cike lotsawa a ƙasa, wato motar ta taɓa gamuwa da abin da ya fi ta ƙarfi. Nakan sa shi a aljihun gaba in tafi masallacin unguwa da wuri, in bi motocin da ke jere ina dangwalawa domin amfanin masu su. Na sanar da hedimasta, a gaban jama'a saboda kowa ya ƙaru, cewa ƙofar bayan motar da surukinsa ya ba shi a matsayin sabuwa dal ta nuna adadin da ba a samu sai a motar da ta kwana a rami, kuma tun daga ranar ba ya amsa sallamata sai da ka. Yanzu mutanen unguwa sun koma aje motocinsu can bayan makarantar allo suna ƙarasowa a ƙafa, na'ibin liman ma ya soma zuwa a kan keke, shi kuwa keken na auna shi ran Juma'a, an taɓa yi masa feshi.