Ranka Ya Daɗe Manaja, Ina Shaidar Albashi?

Da kai nake, kai da ke zaune a majalisar mai shayi a Kolere kana shaida wa jama'a cewa kafin babbar salla ka zama ɗan Kanada. Allah Ya nufa. Amma kafin ka raba wa ƙannenka tsofaffin riguna, matso mu yi lissafi.

Ka ce wane lissafi kuma, bayan shekara huɗu kana manaja a shagon Alhaji? Madalla. Yara nawa ne a ƙarƙashinka? Shiru. Wa ke yanke farashi? Alhaji. Wa ke saro kaya daga Kano? Alhaji. Wa ke ɗaukar yaro, wa ke korarsa? Alhajin dai. Kai kuma buɗe shago, sharar ƙofa, miƙa sabulu, da sayo wa Hajiya kayan miya in ta aiko. A Mubi kai manaja ne, ba mai musu, don garinmu ba ya rowar suna. Mai ɗaura waya Injiniya ne, mai kemis Dakta, wanda ya taɓa raka ɗan takara Yola kuwa Honarabul har abada.

Abin takaicin, jami'in shige da ficen Kanada ba ɗan unguwa ba ne. Tun Janairun 2015 suke tace masu neman zama na dindindin ta tsarin Express Entry, kuma daga Nuwamban 2022 sun kasa sana'o'in duniya mataki shida, daga 0 zuwa 5. Wannan ƙofar ta 'yan mataki 0 zuwa 3 ce kawai. Kowace sana'a tana da lambarta, a ƙarƙashin lambar an jera ayyukan da mai ita ke yi. Jami'in zai ajiye wasiƙar maigidanka gefe guda, jerin nan gefe guda, ya gwada. Manajan kanti na gaskiya, mai tsara kasafi da ɗaukar ma'aikata, yana mataki 0. Mai tsayuwa yana miƙa kaya yana mataki 4. Mai karɓar kuɗi kaɗai, mataki 5. Zaɓi wurin zamanka da kanka, ni ba ruwana.

Ka ce raini ne? Tsaya, ba ka ji raini ba tukuna. Mai waldan da kake toshe kunne in ka wuce rumfarsa yana mataki 2. Bakaniken babur ma haka. Direban tirelar da ke kwasar shanu daga Tike zuwa Kudu, mataki 3. Mahauci mai fawa, shi ma 3. Wato wanda kake taya wa tsoka kana yamutsa fuska ya riga ka shiga layi, kai da agogonka da turarenka kuna waje.

To, ka ce mene ne abin wahala, a je kafe a buga wasiƙa mai tambari, a kwafo ayyukan manaja daga intanet tsaf? Kai, wannan basira! Kai ne farkon wanda ta zo wa, tabbas. Sai dai jami'in ya san jerin nan fiye da kai, gwamnatinsa ce ta rubuta shi, kuma yana iya ɗaga waya ya kira Alhaji. Ka san Alhaji da gaskiya: "Wa? Au, yaron shagona?" Shi ke nan. Dokarsu ta ce wanda aka kama da ƙarya a takarda an rufe masa ƙofa shekara 5. Kuɗin da ka ba ejan biza kuwa ya bi ruwan Yedzaram.

Mu zo kan albashi, inda na ga zufa ta fara karyo maka. Ka ce ai ana biyanka? Na yarda. Ta yaya? Alhaji ya zura hannu a aljihun babbar riga, ya ƙirgo abin da ya sawwaƙa, ya ce "riƙe wannan", sauran kuma sai ranar sallama, in Allah Ya kai mu, a buɗe maka naka shagon. Tsari ne mai albarka, ya tayar da attajirai da yawa a ƙasar Hausa, ba zan kushe shi ba. Amma ba ya barin sawu a takarda. Kanada ba ta ba da maki don yawan albashi, sai dai dole aikin ya zama na biya ne, ba taimako ba, kuma wasiƙar ta faɗi nawa ake ba ka da awa nawa kake yi a mako. Suna son shekara guda cur, awa 1,560, wato awa 30 a mako. Ka ce kai daga asuba zuwa isha'i kake yi, don haka wata biyar ya ishe ka? Sannu da ƙoƙari. Abin da ya haura awa 30 ba sa ƙirgawa, ladansa na wurin Allah.

Ka ce ka fasa, dama sanyin Kanada ba naka ba ne, Ingila za ka? Can ne ma albashi ke zaune a kan karaga. A Afrilun 2024 suka ɗaga mafi ƙarancin albashin ƙwararren baƙon ma'aikaci daga fam 26,200 zuwa 38,700 a shekara, a Yulin 2025 suka kai shi 41,700, ko kuma abin da ake biyan masu sana'arka in ya fi haka. Ma'aikatan lafiya suna da nasu ma'aunin daban. Aikin kula da tsofaffi da 'yan'uwanmu suka yi ta tururuwa a kansa, tun Maris 2024 aka hana zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka daina ɗauko sababbi daga waje. In ka cika shekara 5 ka nemi zama na dindindin, sai kamfaninka ya sake rubuta cewa har yanzu yana buƙatarka, kuma albashinka bai faɗo ƙasa da ma'auni ba. A Mayun 2025 ma gwamnatinsu ta kawo shawarar mayar da biyar ɗin goma.

Saudiyya? Na san nan za ka ɓullo. Igama, wato takardar zama, tana tafiya da aikinka ne, sana'arka a rubuce a jikinta, ranar da aiki ya ƙare zama ya shiga rawa. Tambayi Takari da aka haifa a can, aka haifi iyayensu a can. Zama na dindindin akwai shi tun 2019, riyal 800,000 a dunƙule. Ka ƙirga a naira, in ka farfaɗo mu ci gaba.

Kada ka yi fushi ka tashi, akwai abin yi. Kanada na ƙara maki ga mai jin Faransanci, ga Kamaru nan a bayan dutse, maƙwabcinka ɗan Garwa da kake kwaikwayon maganarsa kana dariya ya fi ka jari. In kana da takardar kwalejin fasaha ta tarayya ko ta jami'ar jiha da ke nan Mubi, a kai ta a tantance. In kana da sana'ar hannu, riƙe ta da kyau ka daina ɓoye ta a bayan sunan manaja.

Sannan ka je wurin Alhaji, ka rusuna, ka gaishe shi, ka roƙi abu biyu: ya rubuta ainihin aikin da kake yi, ba ƙari ba ragi, kuma daga ƙarshen watan nan ya riƙa turo maka haƙƙinka ta banki. Ko ba ka je ko'ina ba, ranar sallama za ka gode mini.