Ƙafar Dama Ta Ƙi Yarda

Likitan bai ko kalli na'urar ɗaukar hoton ƙashi ba. Ya lallatsa idon sawuna ciki da waje, ya ce in tashi in yi taku huɗu. Na yi, ina cije leɓe. Ya ce targaɗe ne, ba karaya, in kama hanyar gida. Ashe ƙa'ida ce da likitocin wannan birni na Ottawa suka fitar a 1992, asibitocin duniya suka ara: in ka iya taku huɗu, kuma ƙashin bai amsa ba da aka latsa shi, ba a ɓata lokaci wajen hoto. Da na yi raki na tsaya a na uku, da na samu abin aikawa gida a tausaya mini.

Magani kuwa ƙanƙara. Ita ta kayar da ni a wasan zamiya da takalmi mai wuƙa a ƙasa, ita kuma aka ce in naɗe a tawul in ɗora kan kumburin. Umma da ta ji a waya sai ta ɗauki salati. "Ƙanƙara a kan targaɗe? Ruwan zafi ya ƙare a garin ne? Ba mai ɗori?" Na ce babu. Ta ce, "To wa ma ya aike ka taka wuƙa? Karatu ka je, ko 'yan tauri ka shiga?"

Da kumburi ya saɓe, mai gyaran gaɓoɓi ta yi mini bayani: jijiyoyin gefen waje ne suka miƙe lokacin da ƙafar ta gurɗe, kuma ƙafar da ta yi haka takan manta yadda take tsayuwa, shi ya sa take saurin sake gurɗewa. Ta ba ni aiki: in riƙa goge baki a tsaye kan ƙafa ɗaya, in kuma rubuta abacada a iska da babban yatsa. Na rubuta har da ƙa da ɗa da ɓa, don lanƙwasarsu ta fi motsa gaɓar.

Da ni kaɗai ne, da an yi sallama da wasan zamiya ke nan. Amma ina da aboki, ɗan Damagaram, mazaunin Gatineau a tsallaken kogi, wanda ba ya barin mutum ya warke cikin mutunci. Ranar da aka ɗaga koriyar tuta a mashigin ruwan Rideau, alamar ƙanƙara ta kai kaurin santimita 30, ya iso da sassafe. "Mutumina, tashi. A 2023 ko kwana ɗaya ba a buɗe ba, sanyin bai isa ba. Bana Allah ya kawo, kai kana kwance kana lallashin ƙafa?"

Wurin ya cancanci gani, wannan kam ba musu. Kanar John By ya jagoranci haƙa mashigin tsakanin 1826 da 1832 don jiragen ruwa, amma in ya daskare sai ya koma titi mai tsawon kilomita 7.8, daga tsakiyar gari har kusa da Jami'ar Carleton. Da dare ma'aikata kan huda ƙanƙarar su zuƙo ruwa su malala a sama, gari ya waye ta yi sumul. Har ma'aikatan gwamnati za ka gani da jaka a baya suna sulalawa ofis.

Na karɓi takalmin haya, na ja igiyar na dama har sai da yatsuna suka daina gaisawa da ni. Takalmina na sanyi kuwa na tura shi ƙarƙashin benci. Na lura kowa yana cusa nasa a jaka, na ɗauka rashin yarda da mutane ne.

Muka hau. Hagu ta tafi, dama ta ce ba da ita ba. Zafi babu ko kaɗan. Tsoro ne zalla ya sauka ya tare a idon sawu. Sai na riƙa turawa da hagu ina jan dama kamar akuyar da aka nufi kasuwa da ita. Wata tsohuwa da ta yi jika da ni ta wuce fuu, hannuwa a baya, ta zagayo ta tambaye ni ko in kira wani.

Can sai iska ta taso ta bayana. Jibgegiyar rigata ta cika, na ji ina tafiya ba tare da na ɗaga ƙafa ba. Gadoji suna wucewa ta samana. Na fara murmushi, har na ɗaga wa wani yaro hannu. Abokina yana ihu daga nesa, na zaci kirari ne. Tsayawa yake tambaya ko na iya. Ban iya ba. Wancan karon a darasin tsayawar na gurɗe. Tarin dusar ƙanƙarar da ke bakin tafkin Dows ne ya karɓe ni, kai ya fara shiga.

Na zaro kaina na taɓa ƙafa: lafiya lau, ko gezau. Na yi hamdala na juya, sai iskar nan ta tare ni gaba da gaba. In na tura taku ɗaya ta mayar da ni biyu. Na ce to a cire takalmin, a hau bas. Abokina ya dubi ƙafata, ya dubi bayana da babu jaka, ya zauna a ƙanƙara yana dariya har da hawaye.

Ƙarshenta jan keken turawa ya hayo, irin wanda ake zaunar da yara da tsofaffi. Na shiga, gwiwoyi a haɓa. Yana turawa yana haki yana lissafa mini kuɗin haya. A kusa da masu sayar da BeaverTails, soyayyar fulawar nan mai sukari da kirfa, wani keken ya jero da namu, da yarinya 'yar shekara uku a ciki. Ta ƙare mini kallo, ta gutsiro nata ta miƙo.

"Karɓi mana," in ji abokina. "Sa'arka ce."