A Naɗa Uwar Adashi Ma'aji

A bakin titin unguwarmu akwai wani tela, maƙwabcina, wanda bangon shagonsa ya fi na ofishin likita yawan takardu. Baƙo in ya shigo sai ya ɗauka shaidar digiri ce aka jera, har ya gyara gaisuwa. Alhali duk rasit ne. Ga na shago, ga na allon talla, ga na shara, ga wani kore wanda shi kansa mai shagon bai san na mene ne ba, ya dai biya ne saboda wanda ya kawo shi yana riƙe da ƙaton kwaɗo. Na tambaye shi dalilin manna su gaba ɗaya. Ya ce, "Malam, laya ce. Kakana ya rataya tasa saboda mayu, ni na manna tawa saboda 'yan haraji. Sai dai shi tasa ba a sabunta ta duk watan Janairu."

Wanda bai taɓa kasa kaya a bakin hanya ba bai san waɗannan bayin Allah ba. Su uku suke tafiya: ɗaya da littafin rasit, ɗaya da kwaɗo, na ukun kuma an ɗauke shi aiki ne musamman don ya ɗaure fuska. Iliminsu kuwa ya wuce misali. Ranar da telan nan ya ƙaro keken ɗinki na biyu, sun riga matarsa sani. Mai shayin kusa da shi ya ƙara benci ɗaya da daddare, kafin ruwan safe ya tafasa an zo taya shi murna da sabon tikiti. Da za a ba su aikin ƙidayar jama'a, da tuni an daina gardama a kan yawan 'yan Najeriya.

Kada mai karatu ya ce ƙirƙira suke yi daga kansu. Da yawa daga cikin abin da suke karɓa yana da gindi a doka. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da kasuwa, tasha, mahauta da gidan wanka da ba-haya, ya ba ta ikon sa ido a kan shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi da allunan talla, da yanka lasisin keke, kwalekwale, baro da amalanke. Har lasisin rediyo da talabijin yana ciki. Kafin wannan, dokar soja mai lamba 21 ta 1998 ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, kuma a rabon ƙaramar hukuma akwai kuɗin dabbar gida, da kuɗin shagali da tare hanya. Wato a bisa ƙa'ida, akuyar da ke ɗaure a zaure da rumfar da aka kafa a tsakiyar layi ranar kamu duk masu biyan haraji ne. Dokar ta kuma hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji, amma da alama wannan shafin gara ta cinye shi a yawancin kwafin da aka raba.

Dattawa suna ba mu labarin murnar da aka yi a 1979, lokacin da gwamnoni Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Talaka ya yi barci har da minshari, yana ganin an binne haraji. Ashe marigayin ya bar 'ya'ya da jikoki, kowanne da kalar takardarsa. Shi kansa jangalin ya sake leƙo kai a jerin 1998 da sunan harajin shanu.

Ni ban ƙi a biya ba. Gari ba ya gyaruwa da fatar baki. Abin da ke ba ni dariya shi ne yadda sanin ya zama na gefe guda: hukuma ta san adadin alluran da ke cikin gwangwanin tela, tela kuwa bai san ko sisi nawa aka tara daga layinsu a shekara ba, balle inda aka kai shi. Kwatar da ke gaban shagonsa ta cika tun damina uku da suka wuce, har ta tsiro da tumatir. Rasit ɗin shara yana bango, sharar tana ƙofa, suna kallon juna kamar kishiyoyi.

Wata rana shaiɗan ya zuga ni na ce bari in je sakatariyar wata ƙaramar hukuma in tambaya. Na ɗauki wanka, na karya hula, na tuna cewa tun 2011 akwai dokar da ta ba ɗan ƙasa 'yancin neman bayani daga hukuma. Na iske masinja yana gyangyaɗi a kan benci.

"Baba, sannu da aiki. Ma'aji nake nema."

"Ya tafi taro."

"Ciyaman fa?"

"Yana babban birnin jiha. Sai ƙarshen wata."

"To, wa zai nuna mini lissafin kuɗin shigar bara?"

Nan take barcin ya wartsake. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya rage murya ya ce, "Ɗana, wa ya aiko ka? Kai ɗan jarida ne ko ɗan adawa?" Na ce ni mai biyan haraji ne kawai. Ya girgiza kai cikin tausayi, irin wanda ake yi wa mai sabon taɓin hankali, ya ce lissafin yana cikin kabad, makullin yana hannun wani, wanin kuma ya tafi ta'aziyya ƙauye. Na koma bayan mako biyu, aka ce an sake yin wata rasuwar. Ban taɓa ganin dangin da mutuwa ta sa wa ido kamar dangin mai makullin nan ba. Allah Ya jiƙan musulmi.

Abin mamaki, ƙofar da babban kuɗi ke shigowa ba a ɓoye take ba. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, Kano kaɗai tana da 44, kuma rabonsu daga asusun tarayya kashi 20.6 ne cikin 100. Duk wata ana zama a raba, kuma tun zamanin da Ngozi Okonjo-Iweala ta fara riƙe ma'aikatar kuɗi aka soma buga kason kowa a jarida. Daga nan ne kuɗin ke faɗawa asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya tanada, rijiyar da guga ke shiga cike ya fito da laima kawai. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma a daina mulkinsu da kantomomin riƙo. Aka yi ta shewa a rediyo, aka kuma yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa. Ko da ma an aiwatar ɗari bisa ɗari, tela ba zai ga bambanci ba muddin abin da ya canza shi ne sunan mai riƙe da makullin kabad.

Sai dai idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu dawo shagon maƙwabcina. Bana da 'yan haraji suka zo, na ji da kunnena.

"Maigida, dubu biyar ne na shago."

"Haba Oga, kasuwa ba ta motsi. Ga dubu biyu, ba sai ka wahalar da biro ba."

Oga ya soke kuɗi a aljihu, mai ɗaure fuska ya yi murmushinsa na farko a shekara, kowa ya yi wa kowa addu'a. Suna ɓacewa tela ya juyo gare ni yana nuna kwata, ya ce, "Ka gani ko, Malam? Ƙasar nan ba za ta gyaru ba. Duk ɓarayi ne." Ya faɗe shi da zuciya ɗaya, har idonsa ya kawo ruwa.

Haka muke. Mutumin da zai tsaya minti goma yana jayayya da mai kayan miya a kan canjin naira hamsin, shi ne zai ji an ambaci miliyoyin garinsu ya ce, "Allah Ya isa," ya ci gaba da shan shayi. Wanda ya tashi ya tambaya mu ce ya cika shisshigi, ko an ba shi kwangilar ɓata suna. In kuwa ɗan gidanmu ne ya zama kansila, tun kafin a rantsar da shi mun jera masa buƙatu: suna, biki, kuɗin asibiti, kujerar Makka. Ya gama wa'adinsa bai gina bene ba, mu ce wawa ne, ya samu ya ƙi ci. Ya gina, mu ce ɓarawo ne, sannan mu je mu yi layi a ƙofar benen.

Kuma ba rashin iya lissafi ke damunmu ba. Ku dubi uwar adashi. Ba ta da kwamfuta, ba ta da akanta, wataƙila ko firamare ba ta gama ba, amma ta san zubin kowace mace a layi uku, ta san wadda ta yi fashi ranar Laraba, ta san mai ɗauka a makon gobe. A tambaye ta tsakar dare, za ta zayyano shi ba tare da ta kunna fitila ba. Ku dubi littafin gudummawar biki: wadda ta kawo turmin atamfa shekara bakwai da suka wuce tana rubuce, kuma ranar bikin 'yarta sai an mayar mata da kwatankwacinsa. Ku dubi kwamitin ginin masallacin unguwa, da ake tashi bayan salla a karanto abin da aka tara da buhun siminti nawa aka saya, wani dattijo a sahun baya ya ɗaga hannu ya ce lissafin bai cika ba. A waɗannan wurare babu mai cewa tambaya rashin kunya ce. Sai an zo kan kuɗin hukuma ne kunya ke sauko mana kamar amarya.

Saboda haka ga shawarata, kyauta, ba tare da rasit ba. Kowace ƙaramar hukuma ta nemo uwar adashin da ta fi tsanani a yankinta ta damƙa mata ma'aji na wata shida. In hakan ya yi wa manya nauyi, to a sayi allo ɗaya, irin wanda ake karɓar harajinsa a wurin tela, a kafa a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa. Duk ƙarshen wata a rubuta da Hausa, da boko da ajami: ga abin da ya zo daga Abuja, ga abin da aka tara a kasuwa da tasha, ga albashi, ga aikin da aka yi da unguwar da yake. Alli bai kai kuɗin lemon taro ɗaya ba.

Kai kuma ɗan'uwa mai shago, mai shayi, mai baro, in sun zo gobe ka biya cikakke, ka karɓi rasit mai hatimi da lamba, ka daina yi wa biro tausayi. Sannan ku haɗu ku goma daga layinku, ku ɗauki rasit ɗin ku je ku yi wa mai makulli ta'aziyya, ku zauna a kan bencin nan har ya buɗe kabad.