Wanda Ya Riga Shiga Shi Ne Mai Gida

A cikin 'yan uwanmu Hausawa mazauna Jidda, in saɓani ya shiga tsakanin abokan ciniki ko surukai, ni ake nema. Ba yabon kai ba, na sha sasanta mutanen da suka shekara ba sa ga-maciji. Shi ya sa ranar da wani dattijo mai shagon kifi ya ce mini kifayen da na nuna masa ba za su zauna wuri ɗaya ba, murmushi kawai na yi. Wanda ya iya da 'yan Adam, kifi ne zai gagare shi?

Autata ce ta jawo maganar. Ta kalli fim ɗin Finding Nemo, wanda ya fito tun 2003, har ta haddace shi, sannan muka kai yara gidan kallon kifi na Fakieh da ke bakin teku. Da kuka aka dawo gida: sai an saya mata Nemo. Uwargida ta ce a samo mata na roba. Na ce haba, muna zaune a gaɓar Bahar Maliya, tekun da masu nutso ke tasowa tun daga Turai don su kalli murjaninsa, a ce 'yata da kifin roba take wasa? Na sayo tankin gilashi mai cin lita 200, da fitilarsa, da famfon juya ruwa, da na'urar sanyaya ruwa, don murjani ba ya son ruwa ya wuce digiri 25 zuwa 26 sosai, Jidda kuwa kowa ya san zafinta. Na haɗa da buhun gishirin teku da duwatsun da ake cewa masu rai ne.

Ashe ba a zuba kifi ranar da aka cika tanki. Kashin kifi ammoniya yake zama, ita kuma guba ce, sai an jira wasu ƙwayoyin bakteriya sun hayayyafa a jikin duwatsu suna mayar da ita abin da ba ya kisa nan take. Wannan kan ɗauki wata guda zuwa sati shida. Kullum ina tsugune ina awo, ina tabbatar da gishiri yana nan wajen giram 35 a kowace lita. Baƙi su shigo falo, su leƙa, su sake leƙawa, su ce, "Alhaji, ina kifin?" In ce bakteriya ake kiwo tukuna. Wani dattijo da ya zo Umara ya sauka a wurinmu ya dube ni, ya dubi tankin, ya yi mini doguwar addu'ar samun lafiya.

Da lokaci ya yi na koma wurin mai shagon. Mutum ne mai yawan tambaya. Lita nawa? Me ke ciki? Wa za ka fara sawa? Ya ce masu sanyin hali ake fara zubawa, mafaɗata su shigo a ƙarshe bayan kowa ya kama wurinsa. Ya ce kada in haɗa biyu masu kama da juna a siffa da launi, don kowanne zai ɗauki ɗayan abokin hamayya. Ya ce in tambayi girman da kifi zai kai nan gaba, in manta da girmansa na yau. Ya ce kuma duk sabon kifi a killace shi a wani ƙaramin tanki na wasu makonni kafin ya haɗu da sauran. Na yi masa godiya sosai, na wuce wani shago a can gaba, inda yaron da ke tsaro ba ya tambayar komai sai "leda nawa?"

Na fara da mafi araha a shagon: wani ɗan kifi baƙi wuluk, bai fi kan babban yatsa ba, da ɗigo uku farare tas a jikinsa. Daga dangin damsel yake, masana na kiransa Dascyllus trimaculatus. Yaron shagon ya ce ba ya mutuwa, kuma a nan kam bai yi ƙarya ba. Yara suka raɗa masa Ɗan Baƙi. Tankin kifi gidan haya ne: wanda ya riga tarewa yana ganin tsakar gida da rijiya da igiyar shanya duk gadon ubansa ne, duk wanda ya zo daga baya kuwa ɗan cin arziki ne. Kafin kowa ya iso, Ɗan Baƙi ya riga ya zagaye kowane rami a cikin duwatsun nan ya sa hannu.

Sai na kawo su Nemo guda uku, kowane yaro da nasa, don a yi adalci. Babban ɗana ya zaɓi wanda ya fi kuzari ya sa masa suna Janar. Janar ya ci, ya yi ƙiba, ya fi sauran girma, sannan ya zama mace. Haka halittarsu take: a cikin rukuni, wanda ya fi ƙarfi ne ke rikiɗewa ya zama mace, na biyu ya zama mijinta, sauran su zauna ƙanana suna jiran layi. In ta mutu, mijin ne zai rikiɗe ya hau gurbinta. Ku kwatanta zaman da na yi ina yi wa yaro ɗan firamare wannan bayani, ƙannensa suna ta sheƙa dariya. Ya ce sunan dai ba za a canja ba. Janar ta ɗauki miji, su biyun suka haɗa kai suka kori na uku, wato na auta wadda saboda ita aka yi duk wannan hidima, ya koma bayan famfo da zama. Ranar da na sa hannu zan goge gilashi kusa da kusurwarta, Janar ta fizgo ta gartsa mini cizo a bayan hannu. A fim ba a nuna wannan ba.

Auta ta ce to a kawo mata Dory, ita ma ta cikin fim ɗin. Yaron shagon ba shi da ita, amma ya ce ga ɗan uwanta, ɗan gida ma, na nan Bahar Maliya: sohal, mai zane-zanen layi a jiki da baƙin fiffike mai shuɗin gefe. Kyakkyawa ne na ƙarshe, kuma lokacin bai fi tafin hannun yaro ba. Abin da ya rage a bayanin shi ne yana kaiwa santimita 40, ya saba ninƙaya a fili inda igiyar ruwa ke bugun murjani, kuma a gindin wutsiyarsa akwai wata ƙaya mai kaifi a kowane gefe da yake yanka abokin faɗa da ita. Tankina tsawonsa mita ɗaya ne. Da Ɗan Baƙi ya tare shi ranar farko, sohal bai gudu ba, juyo masa wutsiya ya yi.

A nan na fito da sana'ata ta sulhu. Na ji ana kashe fitila don hankula su kwanta. Na kashe, suka ci gaba a duhu. Na ji ana sauya wa duwatsu wuri don kowa ya rasa iyakarsa a fara sabon lale. Na sauya, aka sake rabon fili da sabon yaƙi. Na ji ana manna madubi a jikin gilashi, na ɗauko na uwargida. Wannan kam ya yi aiki: sohal ya wuni yana dambe da kansa. Ɗan Baƙi da ya ga babban abokin gaba ya shagala, sai ya samu sararin bin sauran ɗaya bayan ɗaya.

Uwargida, wadda tun farko ta ce babu ruwanta, ta bi ni shago wata rana ta hango wani kifi rawaya shar mai shuɗin tabo a kumatu, daga dangin da ake kira malam-buɗe-littafin teku, shi ma ɗan Bahar Maliya. Ta ce ya dace da labulen falo. Ya dace kuwa. Sai dai murjani dabba ne ba dutse ba, tarin ƙananan halittu ne masu laushi da ke zaune a kan ƙashin da suka gina, kuma su ne abincin wannan bawan Allah a teku. Ya bi murjanin da na saya, wanda har yau ban faɗi ainihin kuɗinsa a gida ba, yana tsinka a hankali da ɗan tsinin bakinsa, ba hayaniya, ba faɗa da kowa. Murjanin ya tsuke, ya daina buɗewa, ya fara nuna farin ƙashi.

Duk cikin gidan, mutum ɗaya ne ya kwantar mini da hankali: ɗan kifin zaki da na ƙaro, mai ja da fari, fikafikai a baje. Ba ya bin kowa, kowa kuma ba ya binsa, har Ɗan Baƙi. Wuni yake a maƙale ƙarƙashin dutse, kai a ƙasa. Nakan nuna wa yara shi in ce ku koyi natsuwa. Ashe kallon kitse nake yi wa rogo.

Aka fara ɓacewa. Ina da wasu siraran kifaye biyu masu jar wutsiya, matsorata, da jatan lande mai dogayen fararen gashin baki wanda aikinsa tsince wa kifaye ƙwari da matacciyar fata, yara na kiransa Wanzami. Siriri na farko a bayan kujera aka tsince shi ya bushe. Irinsu in an kore su tsalle suke yi, tankin kuma ba murfi. Na biyu ko gawarsa ba a gani ba. Na tara yara na yi bincike, na zargi kyanwar maƙwabta wadda ba ta taɓa shigowa gidan ba. Wata asuba na dawo daga masallaci na kunna fitilar falo, sai ga mai natsuwa a wurinsa na kullum, ciki ya yi tulu, fararen gashin bakin Wanzami biyu suna leƙowa daga bakinsa suna motsi da ruwa. Kifin zaki ba ya faɗa da abin da zai iya haɗiyewa.

Ana cikin haka sai farin ƙurji ya bayyana a jikin sohal, ɗige-ɗige ƙanana, yana ta goga jiki da dutse. Wata ƙwayar cuta ce, Cryptocaryon irritans, mai shigowa a jikin sabon kifin da ba a killace ba, kuma ta fi kama wanda tashin hankali ya raunana. A tankina kuwa wa ya rage? Na koma wurin dattijon farko, na gaishe shi kamar jiya muka rabu. Bai ce komai ba sai da na gama lissafa masa mazauna gidan, sannan ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce maganin jan ƙarfe na kashe cutar, amma yana kashe murjani da dodon koɗi da duk wani jatan lande. Dole a kwashe kifayen kaf a yi musu magani a wani wuri, a bar tankin ba kifi ko ɗaya wajen kwana 76, har ƙwayar ta ƙare don rashin wanda za ta hau.

A kwashe kifi, da baki abu ne mai sauƙi. Na zura 'yar raga, kowa ya ɓace cikin duwatsu. Kifi na ganinka, mai jar koma. Sai da na fitar da duwatsun ɗaya bayan ɗaya, na cika bahon wanki, da bokitai, da babbar tukunyar da uwargida ke dafa shinkafar baƙi. Kafet ya sha ruwan gishiri, falo ya ɗauki ƙarnin bakin teku. Kusan kowa ya kamu, amma ban da Ɗan Baƙi, wanda ya shige ramin wani dutse ya ƙi fita ko da aka ɗaga dutsen sama. Ina cikin lalube da hannu a ruwan da ya gauraye ya yi duhu, na manta ban riga na cire mai natsuwa ba.

Ƙayoyin bayansa dafi gare su. Ban san na iya ihu irin wannan ba sai ranar. Hannu ya kumbura, zafin ya hau har kafaɗa. Taimakon farko shi ne a tsoma wurin a ruwan zafi gwargwadon yadda fata za ta iya jurewa, wajen digiri 45, kafin a tafi asibiti. Uwargida ta kawo ruwan a kwano, ta riƙe mini hannu a ciki, ta ce a hankali, "Sannu Alhaji. Wannan ɗin shi ne wanda ka ce yara su yi koyi da shi ko?"

Da aka gama jinyar kifayen, babban ɗana ya kawo shawara a kai su bakin teku a sake, tunda ga shi nan kusa. Dattijon ya hana. Ya ce kifin da ya zauna a tanki yana iya kai cuta cikin teku, kuma ya ba mu labarin kifin zaki da aka fara gani a gaɓar Florida ta Amurka a 1985, wanda ake kyautata zaton masu tanki ne suka sake shi. Yau ya cika tekun Karibiyan yana cinye ƙananan kifayen da ba su san shi ba. Ya karɓi sohal, ya karɓi mai launin labule, ya karɓi kifin zaki, ya samo wa Nemon auta wani gida. Shi ya tsara mini sabon zubi da kansa: aka fara da wani ɗan kifi da ake kira gobi da abokin zamansa jatan lande mai haƙa rami, wanda ba ya gani sosai, yana haƙa yana ɗora gashin bakinsa a jikin gobin, shi kuma yana gadi, in ya kaɗa wutsiya su shige tare. Sai wani ɗan kifi mai launin shunayya, Pseudochromis fridmani, wanda asalinsa a Bahar Maliya kaɗai ake samu. Janar da mijinta suka shigo a ƙarshe. Aka sa murfi.

Ɗan Baƙi ne dattijon ya ce ko da kuɗi aka haɗa masa ba ya so. Ya girma yanzu, ya doshi tsawon tafin hannuna, fararen ɗigon nan sun dushe, baƙin ya koma toka-toka, kuma in ka matso kusa har wani gurnani yake yi. Yana zaune shi kaɗai a tankin killacewa a baranda, yana cin abinci sau biyu a rana a aljihuna.

Kwanan baya wani maƙwabcina ya shigo ya ga gobi da abokinsa, abin ya burge shi, ya ce shi ma ya sayi tanki, bakteriyarsa ta kusa nuna, yana neman kifin farawa mai ƙwari wanda ba ya mutuwa. Na ja shi baranda na ce ga shi kyauta, har da ragowar abincinsa. Ya tambaye ni ko yana da faɗa. Na ce masa tsakanina da Allah, tun da nake da kifin nan bai taɓa cizona ba.