Mutanen da Za Ka Tarar a Ajin Pilates

Idan ka leƙa daga bakin ƙofa, sai ka rantse hutu ake yi. Kowa kwance a kan shimfiɗar roba, ba gudu, ba tsalle, ba ƙarar ƙarfe. Wannan ne ke yaudarar sababbin shiga, kuma tun a makon farko halin kowa ke fitowa fili.

Akwai mai shiri. Ta sayi shimfiɗa kala biyu, gorar ruwa, safa mai ƙyasfin roba a tafin ƙafa, har ta fara taya na'urar nan mai sifirin da ake kira Reformer. Motsa jikin ne dai sai bayan Sallah. Ba ta san cewa Joseph Pilates mai wannan tsarin motsa jiki, Bajamushen da aka haifa a 1883, ya gyara dabarunsa ne a sansanin da Ingila ta killace Jamusawa a tsibirin Man lokacin Yaƙin Duniya na Farko ba. Can kuwa ba wanda ya je da safa ta musamman.

Sai ƙaton nan mai ɗaga ƙarfe, wanda maiɗakinsa ta jawo. Yana shigowa yana murmushi, wai wasan mata ne, alhali shi Joseph ɗin ɗan dambe ne. Malama ta ce ya kwanta rigingine, ya ɗaga kai da kafaɗu, ya ɗage ƙafafu, ya riƙa kaɗa hannuwa sama da ƙasa: biyar yana shaƙar iska, biyar yana fitarwa, har ɗari. Kafin a kai rabi ciki ya soma karkarwa, wuya ya ƙage, gumi na ɗiga a kunne. "Malama, ba a yi wa baƙo rangwame?" Damtse ba ya ceto a nan. Naman da ake nema yana can ƙarƙashin tumbi, ya zagaye ƙugu kamar ɗamara yana tallafe ƙashin baya, kuma shekara da shekaru ba wanda ya tashe shi aiki.

Kusa da shi akwai mai riƙe numfashi. An ce ta ja cibiya ciki, ita kuma ta ɗauka har iskar ma an hana. Idanu sun firfito, jijiyar goshi ta tashi. Haƙarƙari ake so ya buɗe ta gefe, ba a ce a suma ba.

Malamin waya kam ya fi kowa gajiyar da ni. Ya kalli bidiyo a YouTube, ya san Joseph ya tafi New York a 1926, ya san sunan da ya raɗa wa tsarin Contrology ne, ya san littafinsa na 1945 motsi 34 ya ƙunsa. Yana gyara wa kowa gwiwa. Shi kuwa bayansa ya gantsare, har kyanwa sai ta wuce ta ƙarƙashi.

Mai barci ba ya damun kowa, sai dai minshari.

Wadda nake girmamawa ita ce Hajiya ta kusurwa, da likita ya turo saboda ciwon baya. Ba ta gasa da kowa. Gwiwa a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa, tana ɗaga ƙugu a hankali, gaɓa bayan gaɓa, ta sauke haka. In abu ya yi mata zafi ta tsaya, ta ce, "'Yata, wannan ba nawa ba ne, ba ni mai sauƙi." Bayan wata uku sauran duk sun watse, ita tana nan, har ruku'u ya daina yi mata wuya.

Amarya ce ta zo ƙarshe, saura mako biyu ɗaurin aure, tela ya riga ya matse riga. An yi mata bayani cewa ƙarfafa naman ciki dabam, narkar da kitse dabam, kuma ba a zaɓar wa kitse inda zai fara tafiya. Ta yi shiru, ta duba waya, ta ce, "To Anti, idan na riƙa zuwa safe da yamma fa?"